Miyar da Ba Gishiri Ta Kusa Raba Ni da Mutanen Layinmu

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. Tun kafin mu yi nisa ina roƙon a miƙar mini da rubutu inda ya karkace, domin karatuna na boko a firamare ya tsaya. Ba ƙoshi na yi ba, ni da malamin lissafi ne muka kasa fahimtar juna, shi yana ganin na cika shiru, ni ina ganin ya cika tambaya. Ni tsohon direba ne, na yi wa wata ma'aikatar gwamnati tuƙi nan Kaduna har na yi ritaya, gidana kuma yana Badarawa. Lokacin da abin da zan faɗa ya same ni na haura sittin, ina da ƙiba ta mutunci, irin wadda in ka shiga motar haya sai kwandasta ya dube ka, ya dubi kujera, ya yi shiru. Asibiti ban san shi ba sai in na kai wani. Abu biyu aka san ni da su a layinmu, tsokana da ci, kuma ban taɓa jin kunyar ko ɗaya ba. Na zaga jihohi da manyan ma'aikata a bayan mota, su suna shiga ɗakin taro, ni ina bin gari ina binciken inda ake tuwo na gaskiya, kuma har gobe ina ganin binciken da na yi ya fi nasu amfani.

A layinmu muna da al'adar da muka riƙe tun unguwar tana da sauran gonaki, wato ciyayya. Da an idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarma a gefen masallaci, kowane magidanci a fito masa da kwanon gidansa, a jera su, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, a sa hannu tare. Yaran yanzu za su ce ai cin abinci ne kawai. Ba haka ba ne. A kan tabarmar nan wanda yau ba a ɗora tukunya a gidansa ba yake zuwa ya ci ya ƙoshi, ba wanda zai tambaye shi ina kwanonsa. A nan ake sasanta maƙwabta, a nan ake jin wa aka yi wa haihuwa, wa ya kwanta, wa za a je wa gaisuwa. Mutumin da ya daina zuwa ciyayya yana nan a layi, amma kamar ya yi ƙaura ne. Sannan akwai dokoki biyu da ba wanda ya taɓa furta su da baki. Ta farko, ba a janye hannu daga kwanon wani, don yin haka kamar ka ce ba ka yarda da gidansa ba ne. Ta biyu ta mata ce. Kwanon da ya koma ciki fayau, matar gidan ta ci jarrabawa, wanda ya koma da saura kuwa, to maigida ya shirya amsa tambayoyi.

Uwar 'ya'yana, wadda nake kira Hajiya, ba ta taɓa faɗuwa wannan jarrabawa ba. Miyar kukarta da man shanu ita ake fara buɗewa, wasu ma sai sun leƙa sun ga kwanona ya iso kafin su gyara zama. Wanda yake zama kusa da ni kullum wani tela ne Bakano, ni kuwa Bazazzagi, kun san tsakaninmu da Kanawa ba a raga wa juna. Shi gidansa farfesun kayan ciki aka sani, mai yaji da gishiri, romo yana ƙyalli. Yakan ce in da ana ba da albashin ci, da na gina bene a Malali. Ni kuma in ce masa Bakano ko a masallaci ya ga sahu ya karkace sai ya nemi ya karɓi kuɗin gyara.

Ciwon a hankali ya shigo. Da farko in na taka zuwa masallacin Juma'a sai in tsaya a hanya ina duba waya, alhali ba wanda ya kira ni, numfashi ne nake nema. Daga nan takalmana suka fara matse ni, na ce masu yin takalma na yanzu ba su da tsoron Allah. In na kwanta kuma sai na tara matasai a bayana, na ce wa Hajiya katifar ce ta mutu. Duk wanda ya lalace a duniya na gano shi, ban da ni. Ran nan da safe na sunkuya zan yi alwala, sai na ji kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji, butar ta kuɓuce, na zauna daɓas a tsakar gida. Babbar 'yata, wadda take koyarwa a wata makaranta a Malali, ita aka kira, ita ta kai ni asibiti.

Likitan da ya duba ni yaro ne, ina jin na girmi babansa, amma da ya ji ni direba ne sai ya yi mini magana da harshen da nake ji. Ya ce injin bai buga ba, amma ya gaji. Hawan jini ne ya daɗe a jikina ban sani ba, ya wahalar da zuciya har ta rage ƙarfin tura jini, shi ya sa ruwa yake taruwa a ƙafa da ƙirji. Ya ce magani zai taimaka, amma in ina son in ga auren jikokina, to gishiri da dunƙule da kanwa da kitse su zama tsofaffin abokai, a gaisa daga nesa. Na tambaye shi ko akwai rangwame ga mai ritaya, ya yi dariya ya ce babu. Hajiya tana gefe tana jin komai. Matar nan da muka dawo gida ta tattara gishiri da dunƙule ta kulle a kwabar ɗakinta kamar kayan gado. Ranar da ta fara kawo mini miyar sabon zamani na kai loma ɗaya, na daɗe ina taunawa ina jiran ɗanɗano ya iso, har na haɗiye bai zo ba.

A nan na yi kuskuren da ya kusa kai ni. Da mutanen layi suka zo dubiya, ban gaya musu gaskiya ba, na ce zazzaɓi ne da gajiya. Na san halin mutanenmu, da an ce zuciya sai a fara yi maka magana a hankali, a daina musu da kai, a riƙa ba ka gaskiya ko ba ka da ita. Ni da na rayu da tsokana, ban ga yadda zan yi in zama abin tausayi ba. Don haka da na ji ƙarfi na koma tabarma, kwanona yana biye da ni.

Shi aka fara buɗewa, don a yi mini murnar tashi. Telan nan ya gutsiri tuwo, ya dangwala, ya kai baki, sai na ga ya tsaya yana kallon sama. Ya tambaye ni a hankali ko na yi wa Hajiya wani laifi ne, in faɗa masa ya shiga tsakani tun abin bai kai ga alƙali ba. Aka yi dariya, na taya su. Kowa ya kai loma ɗaya ta kara, sannan aka ture kwanon gefe aka buɗe na gaba. Farfesun tela ya iso gabana yana tururi. Ya ce in ci in mayar da jini, ai mai zazzaɓi romo yake so. Ku gaya mini, jama'a, me zan ce? In ce ba na ci, ya tambayi dalili, in faɗi abin da na ɓoye. Na sa hannu. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban ci da baƙin ciki ba, har ƙashi na tsotse.

Saura kwanon Hajiya, ga shi nan kusan yadda aka kawo shi. Na ce daga yau ni zan riƙa mayar da kwanona da kaina, likita ya ce in riƙa motsa jiki. Akwai wani maƙwabcinmu mai kiwon awaki a wani kango bayan masallaci, can nake bi in juye musu. Su ma ranar farko sai da suka shinshina suka yi shawara a tsakaninsu kafin su ci. Haka na riƙa yi kullum, in cika cikina da abincin gidajen mutane, in shiga gida da kwano fayau. Hajiya kuwa murna har kunne. Ta ce ashe maza ma sun gane amfanin abin, ta fara ba matan layi shawara su rage gishiri. Su kuma matan, da yake mazajensu sun gaya musu komai, sai su ce mata haka ne, su kalli juna. Awakin nan suka yi ƙiba, ni ma na yi, sai dai tawa ta ruwa ce.

Ba a daɗe ba ƙafafuna suka koma kamar turmi, numfashi ya fi na farko wuya, aka sake kwantar da ni. Wannan karon likita bai yi dariya ba. Ya tambayi magani, aka nuna masa ina sha daidai. Ya tambayi abinci, Hajiya ta rantse ko ƙwayar gishiri ba ta shiga tukunyarta ba. Ya ce to abin da yake gani a jikina bai yi kama da haka ba. 'Yata ta ja uwarta waje, amma ina jin su ta taga, tana ce mata Umma ki faɗi gaskiya, in tausayinsa ne ya sa kike ɗan barbaɗawa ba wanda zai ga laifinki, amma a sani. Da Hajiya ta dawo na ga idonta ya yi ja, ta zauna tana gyara mini bargo. Ina kwance ina ji, ina gani, na rufe ido na yi kamar barci. A duk abin da ya faru, wannan rufe idon shi ne ya fi tsaya mini a rai, ya fi ciwon kansa.

Tela ne ya tona ni, kuma da kyakkyawar niyya. Washegari ya zo dubiya da kula cike da farfesu, ya ajiye gaban Hajiya da 'yata, ya ce a ba Bazazzagi ya sha, ya san abin da yake kewa ke nan, tunda kullum shi yake share kwanon gidansa har ba ya bar wa liman romo. Ya dube su, ya dube ni, ya ce ko ya faɗi wani abu ne. 'Yata ta yi masa godiya ta raka shi, ba ta gaya masa komai ba, don ta ga sirrina ne. Hajiya ta tambaye ni abu ɗaya kawai, ina tuwonta yake zuwa. Na gaya mata. Na yi zaton za ta yi faɗa, da ta yi da na ji sauƙi. Cewa ta yi, to Alhaji, an gode, amma kai da tabarma kun yi sallama, in ka ga dama ka ce ni na hana.

Haka aka yi. Na dawo gida, na zama mai cin abinci a falo ni kaɗai, ni da talabijin. Daga masallaci sai in sulale ta ƙofar gefe in ce ina da uzuri. Ina zaune ina jin dariyarsu tana shigowa ta taga, in yi ta ƙoƙarin gane wa ake yi wa. Aka yi wa wani maƙwabci haihuwa ban ji ba sai ranar suna. Ƙafa ta saɓe, numfashi ya daidaita, likita ya ce ana samun ci gaba, amma ni na san wani abu yana mutuwa. Na daina tsokanar kowa, har jikokina suka fara tambayar uwarsu ko Kaka yana fushi da su ne. Wani lokaci sai in zauna in auna, in koma tabarma in mutu da wuri, ko in zauna a falo in mutu a hankali. Hanya ta uku ban gan ta ba.

Wata ma'aikaciyar jinya a asibitin, ranar da na je a duba ni, ta kalle ni ta ce Baba jikin ya yi kyau amma fuskar ba ta biyo shi ba. Ta ce akwai zama da masu ciwo irin nawa suke yi ranar Asabar da safe a inuwar bishiyoyin bayan asibiti, in zo. Na ce ni na bar makaranta tun da ƙarfina, ba zan koma ajin tsofaffi ba, a taru ana ƙirga ciwo. 'Yata ta ce za ta zo ta ɗauke ni. Ku sani, yaran da ka biya wa kuɗin makaranta su ne ƙarshe suke mulkarka.

Na je da shirin in ga gawawwaki a jere, sai na tarar da mutane suna musu a kan ƙwallo. Akwai wani malamin allo daga Kinkinau, siriri, mai farin gemu, wanda aka taɓa yi wa aiki a ƙirji. Akwai wata Hajiya da ta yi darakta a ma'aikata kafin ta yi ritaya, irin waɗanda da nake buɗe wa ƙofar mota, ga ta a kan benci ɗaya da ni. Akwai tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa Kirista, akwai wata yarinya mai goyo da zuciyarta ta yi rauni bayan haihuwa. Ciwon nan ba ya duba takardar makaranta. Da aka zo kaina aka ce yaya jiki, na ce da sauƙi, kamar yadda kowane ɗan mutunci yake cewa. Ma'aikaciyar ta ce sun karɓi wannan a matsayin gaisuwa, yanzu kuma in faɗi yadda jikin yake. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ba su labarin tabarma, da tela, da awaki. Suka yi dariya har mai jirgin ƙasa yana share hawaye, ni ma na ji muryata ta dā ta dawo. Amma da na zo kan falo da talabijin sai maganar ta maƙale, su ma ba wanda ya gaggauta ni.

Malam ne ya fara magana. Ya ce shi nasa ya fi nawa, don shi abincinsa rabi daga gidajen iyayen ɗalibai yake zuwa, kowa da irin hannun matarsa, kuma mayar da abin da aka kawo wa malami ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce shi ma ya yi ta ci yana kumbura, har ranar da ya tara su ya gaya musu. Ya tambaye ni, mutanen da na ci abinci da su shekara da shekaru, na taɓa ba su dama su taimake ni suka ƙi? Na ce a'a. Ya ce to ashe ni ne na yanke musu hukunci ba a yi zama ba. Ita kuwa darakta ta ce matsalar miyar ba rashin gishiri ba ce kaɗai, an cire abu ne ba a mayar da komai a gurbinsa ba, in kawo mata Hajiyata ranar da suke girki.

Da ƙyar Hajiya ta yarda, tana cewa ita da ta aurar da 'ya'ya za a koya wa miya. Amma ta je, ta dawo da ƙullin kayan ƙamshi da sabuwar ƙawa. Suka koya wa juna yadda ake soya albasa da yawa har ta yi zaƙi, a ƙara daddawa, a daka citta da tafarnuwa da masoro da kimba, a matsa lemon tsami a ƙarshe. Ba zan ce ta koma kamar ta dā ba, wanda ya ce muku haka bai taɓa cin ta dā ba. Amma ta zama miya, har mutum ya nemi ƙari. Ni ma na yi karatun da ban yi a firamare ba. Na koyi cewa in nauyina ya ƙaru farat ɗaya ba ƙiba ba ce, ruwa ne, in tafi asibiti. Na koyi ba a ajiye magani don an ji daɗi, ba a kuma haɗa shi da jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a mota ba a tambayi likita ba. Da azumi ya matso aka kawo likita ya zauna da mu, kowa aka duba nasa, Malam kuma ya yi bayanin sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya. Muna tattaki tare da sassafe, a hankali, muna tafe muna gulmar gwamnati. Wanda bai zo ba a kira shi, wanda aka kwantar a je masa, kuma mu kaɗai ne masu zuwa dubiya da gwanda da kankana a maimakon farfesu.

Duk da haka magariba tana yi sai in koma falo. Malam ya lura. Wata Asabar ya ce mini ranar Laraba zai zo Badarawa cin tuwo, in gaya wa Hajiya, kuma ba a falo zai ci ba. Na ce Allah gafarta Malam, in ka zo sai ka yi musu bayani, kai za su fi ji. Ya ce shi ci zai zo yi, bayani nawa ne. Hajiya ta ce tunda da Malam ne ta ɗage dokar na yini ɗaya.

Ya zo a keken a daidaita sahu, muka yi magariba tare, na ɗauko kwano da kaina muka nufi tabarma. Aka yi ta marhabin da baƙo, ni kuma tela ya ce a matsa wa ɗan gudun hijira. Malam ya buɗe kwanon Hajiya ya yi bismilla ya fara ci kamar ba shi da wata damuwa a duniya. Farfesu ya zagayo gabana. Na dube shi, ya dube ni. Sai na ce jama'a ina da magana. Na gaya musu ba zazzaɓi ba ne, zuciyata ce ta yi rauni, kuma gishiri a jikina kamar ruwa ne a tankin mota. Na ce abincin gidajensu ba abin da ya yi mini sai daɗi, daɗin ne ma ya kwantar da ni karo na biyu. Na ce ina so in zauna da su, amma hannuna ba zai wuce kwanona ba, kada wani ya ɗauka raini ne.

Tela ya jawo kwanonsa ya rufe. Tun da nake da shi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce wato ina kallonsa yana tura mini abin da zai kashe ni, har asibiti ya bi ni da shi, ban ce komai ba. Ya ce da na mutu ya ji daga baya, da wane ido zai kalli Hajiya da 'ya'yana. Ya ce wasa wasa ne, amma wannan ban kyauta masa ba. Na ba shi haƙuri, ya ƙi kallona. Liman ya sa baki, Malam yana ta cin tuwonsa. Can sai wani dattijo da ya yi aiki a ofishin ruwa, mutum mai shiru, ya laluba aljihu ya fito da ƙwayoyi a leda, ya ce shi ma hawan jini gare shi tun tuni, a ɓoye yake sha. Wani ya ce shi sukari ne. Ashe tabarmar tamu rabinta asibiti ce, kowa yana cin abin da zai cutar da shi don kada ya ɓata wa ɗan'uwansa, ɗan'uwan shi ma haka.

Tela ya yi kwanaki ba ya yi mini magana. Ranar da ya huce, zuwa ya yi ya zauna a wurinsa, ya ɗauke duk wani kwano mai maiƙo daga gabana, ya ce daga yau shi ne ɗan sandan bakina, kuma Bakano ba ya karɓar cin hanci daga Bazazzagi. Har yau in hannuna ya yi kuskuren hanya sai in ji an buge shi da murfin kwano. Liman ya ba da shawara a riƙa rage gishiri a tukunya, a aiko da shi daban, mai so ya ƙara. Wasu gidaje sun bi, wasu matan sun ce ba limamin da zai shiga musu kicin, kuma ban ga laifinsu ba. Shi kansa telan da ƙullin gishirinsa yake zuwa a aljihu, ya barbaɗa a gefensa na tuwon Hajiya, ya ce yana yi wa miyar ta'aziyya ne. Amma yana ci. Hajiya ta ɗage dokarta gaba ɗaya, bayan na nemi gafararta a gaban 'yarmu, wadda ita ma ta durƙusa ta nemi tata.

Ina gode wa Allah da ya ara mini lokaci. Ina gode wa ma'aikaciyar da ta duba fuskata bayan ta gama duba takardata, da Malam da ya hau a daidaita sahu daga Kinkinau don ya ci tuwon da ba gishiri, da mutanen benci na ranar Asabar, waɗanda ba dangina ba ne amma sun san nauyina fiye da dangina. Hajiya kuwa ba a shafin jarida zan biya ta ba.

Abin da na koya shi ne, magani yana gyara zuciya, amma ba ya zama da kai bayan magariba. Wanda duk aka ce yana da irin ciwona, ya nemi inda masu irinsa suke haɗuwa, in babu ya tambayi asibitinsu, in an ce babu su fara, ko su uku ne a kan benci. Kada ya ɓoye wa mutanen da yake cin abinci da su, don kunyar da yake gudu ba ta kai nauyin abin da zai ɗora musu ba in ya faɗi a hannunsu. Ku kuma masu lafiya, in kun ga mutum ya janye hannu daga kwano, ku daina cewa ci mana, ko loma ɗaya. Ku matsa masa wuri ya zauna, ku ci gaba da musu da shi, ku ƙaryata shi in ya yi ƙarya, abin da yake bukata ke nan. Tawa zuciyar ba ta warke ba, likita bai ɓoye mini ba, lallaɓa ta muke yi. Ranar da za ta tsaya Allah kaɗai ya sani, ni dai roƙona ta same ni a cikin mutane.